Laifi Tudu Ne

Tun muna yara muke jin manya suna cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mun haddace maganar, mun rubuta ta a jarrabawar Hausa mun ci maki, har mukan jefi abokan gardama da ita a ɗakin kwanan ɗalibai. Amma ni dai ban san nauyinta ba sai da na je Amurka neman digiri na biyu, inda wata takarda mai shafi 6 ta yi sama da wata guda a cikin durowar teburina. Labarin takardar nan nake so in bai wa 'yan'uwana ɗalibai masu karanta wannan mujalla. Sai dai kafin in kai gare ta, tilas in yi 'yar shimfiɗa game da wani wasa da mutanen can suka ɗauka kamar ransu, domin in ba a san wasan ba, ba za a gane abin da ya sa takardar ta yi mini nauyi ba.

Abin da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa ba irin namu ba ne. Nasu ƙwallon dogo ne kamar gwanda, kuma da hannu aka fi ɗaukarsa, ƙafa ba ta taɓa shi sai jifa-jifa. Mutum 11 ne a kowane gefe, kowa da hular kwano da matasai a kafaɗa, sai ka ce 'yan lifida za su fita daga. Akan ba masu riƙe da ƙwallo dama 4 su matsa gaba da yadi 10. In sun matsa, a sake ba su wasu 4, in sun kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai shi ƙarshen fili ya ciwo wa ƙungiyarsa maki 6. Wasa ne na ture da kokawa da dabara, kuma dabarar tana ƙarƙashin ikon mutum ɗaya ne, watau mai horar da 'yan wasa, wanda muka fi sani da koci.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne yadda jami'o'i suka rungumi wannan wasa. Daga ƙarshen watan Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba, ranar Asabar ta ƙwallo ce, kuma kowace babbar jami'a takan yi wasa 12 a wannan tsakani. Filin wasan Jami'ar Mishigan yana cin mutum fiye da 107,000, na Jami'ar Jihar Fensilbaniya kuma fiye da 106,000, alhali kuwa mutanen garin da jami'ar take ciki ba su kai rabin haka ba. A jihohi da yawa babu ma'aikacin gwamnati da ya kai kocin jami'a albashi, ko da gwamna ne, ko shugaban jami'ar da kansa. Su kuwa 'yan wasan, a zamanin da nake can ba su da albashi sai sukolashif. Sai a 2021 aka yarje musu su nemi kuɗi da sunansu, a 2025 kuma aka yarda jami'o'i su biya su kai tsaye. Sharaɗi ɗaya dai yana nan tun can, shi ne ɗan wasa ɗalibi ne, in bai ci darussansa ba, ba shi ba fili.

Ba zan ambaci sunan jami'ar da na zauna ba, saboda dalilin da zai bayyana nan gaba. Da na sauka, ba ruwana da wannan wasa, har nakan yi dariyar mutanen da ke shafa fenti a fuska su tsaya cikin sanyi suna ihu. Amma baƙunci da kewar gida suna sa mutum ya nemi taro. Ran da abokin zamana ya ja ni fili, na ji 'yan badujala sun goce da kiɗa, dubban mutane suna rera waƙar jami'a baki ɗaya, wani tsoho da bai san ni ba ya rungume ni don an ci maki, sai na ji a karo na farko cewa ni ma ɗan garin ne. Kafin wata biyu na sayi rigar ƙungiya, na san sunan kowane ɗan wasa, har nakan kunna rediyo da dare in saurari shirin da magoya baya ke bugo waya suna koya wa koci aikinsa.

Shi wannan abokin zama nawa Bature ne ɗan jihar Fensilbaniya. Ko da yake karatu ya kawo shi jami'armu, kuma yana binmu fili, zuciyarsa tana gida, wurin ƙungiyar jami'ar jiharsu. Kakansa da ubansa duk magoya bayanta ne. A ɗakinmu akwai wani hoto na kwali mai tsayin mutum da ya jingina kusa da taga, hoton wani tsoho mai tabarau masu kauri da wando ɗangalalle. Wannan shi ne Joe Paterno. Ya zo jami'ar a 1950 a matsayin mataimaki, ya zama babban koci a 1966, ya ci kambin ƙasa a 1982 da 1986. Amma ba wannan abokina ya fi alfahari da shi ba. Abin da ya fi faɗa shi ne, Paterno ya karanci adabi ne a Jami'ar Brown, kuma ya yi suna da cewa ana iya cin wasa ba tare da an zubar da mutunci ba. 'Yan wasansa suna gama karatu, shi da matarsa sun ba jami'a miliyoyin daloli, har wani ɓangare na laburaren jami'ar sunansa yake ɗauke da shi. Abokina yakan ce da ni, sauran kociyoyi suna neman nasara ne kawai, nasu kuwa yana tarbiyya.

To, yanzu sai takarda. Ina karatu ina kuma aikin mataimakin malami, watau ni ke duba jingar ɗaliban aji ɗaya in ba da maki, kuma da wannan aiki ake yafe mini kuɗin makaranta a ba ni ɗan abin sawa a baka. A farkon watan Oktoba na 2011 ina duba jinga da dare, sai na ci karo da wata da ta fi ƙarfin mai ita. Na ɗauki jimla guda na nema a intanet, sai ga maƙalar wani masani ta fito, kusan shafi 4 daga cikin 6 an kwafo su kalma da kalma. Na duba sunan mai jingar, sai gabana ya faɗi. Yaron nan ne mai gudu da ƙwallo, wanda duk garin ke kiran sunansa, wanda ni kaina muryata ta dushe a kansa Asabar ɗin da ta wuce.

Washegari na je wurin Farfesan da nake yi wa aiki, na nuna masa. Ya duba sama-sama, ya miƙo mini, ya ce, "Ajiye a wurinka, za mu duba in an ɗan samu sarari." Na san dokar jami'a ta ba duk mai koyarwa damar kai irin wannan magana ofishin ladabtarwa da kansa, an karanta mana ita ranar da muka kama aiki. Amma da na fito daga ofishinsa sai na ji sakayau, kamar an sauke mini dutse daga ka. Na ce a raina, ai na fita haƙƙi, na gaya wa na gaba da ni. Ni baƙo ne, takardar zamana a ƙasar tana rataye da wannan aiki, me zai kai ni tsokanar tsuliyar dodo? Wannan hujja gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ba ce. Akwai wata da ban yarda in faɗa wa kaina ba, ita ce ina so mu ci wasa. Na jefa takardar a durowa. Da dare na ba abokina labari ina dariya, shi ma ya yi murmushi, muka wuce wurin. Farfesa bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tuna masa ba.

Ranar 29 ga Oktoba Paterno ya ci wasansa na 409, ya zarce kowane koci a tarihin manyan jami'o'in ƙasar. Abokina ya saya mana nama muka yi biki. Mako guda bayan haka, ranar 5 ga Nuwamba, sai aka kama Jerry Sandusky, tsohon mataimakin Paterno wanda ya yi ritaya a 1999, bisa zargin lalata da ƙananan yara maza. Yaran kuwa ya samo su ne ta wata gidauniyar taimakon yara marasa galihu da ya kafa da kansa a 1977. Cikin takardun masu gabatar da ƙara sai ga wani labari da ya girgiza ƙasar. Wani ƙaramin mataimaki mai suna Mike McQueary ya ga Sandusky da yaro a ɗakin wankan 'yan wasa, abin da daga baya aka tabbatar a watan Fabrairu na 2001 ya faru. Da gari ya waye ya je gidan Paterno ya gaya masa. An yi ta gardama kan irin kalmomin da ya yi amfani da su, amma Paterno da bakinsa ya shaida cewa abin da aka gaya masa ya shafi lalata. Paterno ya sanar da darektan wasanni. Daga nan babu wanda ya kira 'yan sanda, kuma Sandusky ya ci gaba da yawonsa har shekara 10.

Ranar 9 ga Nuwamba da dare majalisar amintattun jami'ar ta sallami Paterno ta wayar tarho, ta kuma raba shugaban jami'ar da kujerarsa. Muna zaune gaban talabijin muka ga dubban ɗalibai sun fito titi suna kiran sunan kocinsu, har suka kifar da motar wani gidan talabijin. Na waiwaya, sai na ga abokina yana hawaye.

Nan fa na hau tuduna. Na ce masa, "Haba abokina! Kuka kake yi don tsoho mai shekara 84 ya rasa aiki? Yaran fa, wa ya yi musu kuka? Mutumin da babu wanda ya fi shi faɗa a ji a garin nan, a gaya masa an ga yaro cikin wannan hali, ya ce wai ya sanar da na gaba da shi, ya koma shirin wasan Asabar? Ina mutuncin da kake ba ni labari?" Na yi ta zuba, maganar tana yi mini daɗi a baki.

Ya bari sai da na gaji, sa'an nan ya share fuska ya ce, "Gaskiyarka. Ba ni da amsar da zan ba ka. Amma in tambaye ka, jingar yaron nan tana ina?"

Na ce, "Ai na gaya wa Farfesa."

Ya ce, "Ka gaya wa na gaba da kai ke nan."

Bai ƙara ko kalma ba, ya tashi ya shiga ɗaki.

Kada mai karatu ya ɗauka ina daidaita laifin biyu. Kwafar maƙala daban, lalata rayuwar yara daban, tsakaninsu akwai nisan sama da ƙasa, kuma abokina ma bai ce ɗaya suke ba. Abin da ya nuna mini shi ne hanyar ɗaya ce. Ni da aka gwada ni da ƙaramin abu, wanda ba ni da kambi ko mutum-mutumi da zan kare, na bi ta ƙofar da nake zagin wani don ya bi. Da an ɗora mini shekara 60 na suna da filin mutum 106,000, wa ya san abin da zan yi? Daren nan barci bai ɗauke ni ba sai wajen asuba.

Kwanakin da suka biyo baya na saurari ra'ayoyin magoya baya a rediyo da gidajen abinci, na ga sun kasu uku. Wasu suna cewa Paterno ya yi abin da doka ta ce, tunda masu gabatar da ƙara ba su tuhume shi da kome ba. Wasu suna cewa doka ita ce mafi ƙarancin abin da ake nema ga mutum, wanda kuwa ya yi shekaru yana wa'azin mutunci ba zai fake da mafi ƙaranci ba. Na uku kuma sun bar maganar yara gaba ɗaya, suna fushi da amintattun jami'a don sun kori dattijo ta waya. Kowa yana da wanda yake nunawa da yatsa. Ban ji ko mutum ɗaya ya bugo waya ya ce, mu 'yan kallo fa, mene ne namu kason? Ni kuwa a ganina, in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Dalilina shi ne, koci ba ya koyon abin da ake so daga gare shi ta jawabin da shugabanni ke yi ranar biki. Yana koyonsa ne ta duban abin da ake korar 'yan'uwansa a kai. A 2003 Jami'ar Nebraska ta kori Frank Solich bayan ya ci wasa 9 cikin 12, domin magoya baya sun saba da fiye da haka. A 2004 Jami'ar Notre Dame ta kori Tyrone Willingham bayan shekara 3 kacal, ya ci 21 ya faɗi 15, kuma darektan wasanninta ya fito fili ya yaba da yadda al'amuran ƙungiyar suke daga Lahadi zuwa Juma'a, ya ce matsalar ta ranar Asabar ce. Watau kwana shida na karatu da ladabi ba su rinjayi yini ɗaya na ƙwallo ba. Dubi ɗaya gefen kuma. A 2012 Jami'ar Arkansas ta kori Bobby Petrino, wanda ya ci wasa 11 a kakar da ta gabata, bayan haɗarin babur ya tona cewa ya ɗauki farkarsa aiki ya kuma ɓoye wa shugabanninsa gaskiya. Wasu magoya baya sun yi gangami don a bar shi. Kafin shekarar ta ƙare wata jami'a ta ɗauke shi, a 2023 kuma ita Arkansas ɗin ta dawo da shi a matsayin mataimaki. A wannan shekarar ce dai Jami'ar Texas A&M ta amince ta biya Jimbo Fisher fiye da dala miliyan 75 don kawai ya tafi, ba don ya yi abin kunya ba, sai don bai ci wasa yadda ake so ba.

Duk kocin da ke da ido ya karanta wannan darasi. Faɗuwa a fili ba ta da gafara, abin kunya kuwa yana da ita, muddin bai fito ba, ko kuma in ya fito kana da nasarorin da za su yi maka ceto. Su wa suka rubuta darasin? Mu ne, masu sayen tikiti da riguna, masu bugo waya, da attajiran tsofaffin ɗalibai masu janye gudummawa in an faɗi. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ban yarda da maganar ɗungurungum ba, domin sarkin da ya yi shiru a kan zalunci shi zai amsa nasa. Amma fadawan da suka yi shekaru suna kirarin cewa sarkinsu ba ya kuskure, su ma ba za su ce hannunsu tsarkakakke ne ba.

Kwana biyu bayan maganar abokina na fito da takardar daga durowa. Na koma wurin Farfesa na ce masa, "Ranka ya daɗe, zan kai maganar nan ofishin ladabtarwa, na ga ya kamata ka sani tukuna." Ya dube ni ya ce wannan ruwana ne. Na kai, hannuna yana rawa. Aka gaya mini kwamiti ba zai zauna ba sai cikin Disamba, watau bayan an gama kakar wasa. Na yi ajiyar zuciya, domin ga alama zan sami lada biyu, na faɗi gaskiya kuma yaron zai buga wasan ƙarshe, wanda muke yi da manyan abokan gabarmu.

Ashe labari ya kai ga kocinmu. Sai ga saƙo yana son ganina. Mutum ne mai sanyin magana, kuma a shekarar kujerarsa tana rawa, don rabin wasanninsa ya faɗi, kowa ya san wasan ƙarshen nan shi zai yanke masa hukunci. Na shiga ofishinsa, ya karɓi jingar da maƙalar ya jera su a tebur, ya yi ta bi da yatsa layi-layi. Da ya gama sai ya ce, "Yaushe ka gano wannan?" Na ce, "Kwanakin baya." Ya dubi kwanan watan da ke saman jingar, ya ɗago ya dube ni, bai ce kome ba. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya yi mini godiya, ya raka ni bakin ƙofa. Doka ta ba shi damar ya jira kwamiti, amma washegari aka sanar cewa an dakatar da yaron saboda saɓa ƙa'idar ƙungiya. Bai faɗi laifin ba, domin dokar ƙasar ta hana tona bayanan karatun ɗalibi.

Ranar wasa ina cikin 'yan kallo da rigata. Aka cinye mu da ɗan ƙaramin bambanci, irin wanda kowa ya san da yaron yana ciki da labari ya sha bamban. Tun kafin a tashi fili ya ɗauki ihu, a kore shi, a kore shi! Mutumin da ke gefena, wanda muka saba rungumar juna, ya juyo ya ce da ni, "Ka ga wawan nan? Ya zaunar da ɗan wasanmu don ya nuna shi mai tsarki ne!" Ga ni tsaye, ni kaɗai a layin nan na san abin da ya faru. Kalma biyu sun isa in ce, mutumin nan daidai ya yi, ba sai na tona asirin kowa ba. Ban ce ba. Na kaɗa kai kamar mai yarda, na ja hulata na rufe kunnuwa. Bayan 'yan kwanaki aka sallami kocin. A rediyo masu bugo waya suka yi ta murna, kuma a cikin duk waɗanda na saurara, mace ɗaya ce ta ce a tuna 'yan wasansa suna gama karatu, mai gabatarwa ya yi mata godiya ya ɗauki waya ta gaba.

Ba zan ce takardata ce kaɗai ta kore shi ba, don faɗuwar da ya yi a baya tana cikin lissafi. Amma na san da na kai ta tun farkon Oktoba, da yaron ya yi hukuncinsa ya gama tun ana wasanni masu sauƙi, ya dawo kafin babbar rana. Jinkirina ne ya tura nauyin ya faɗo a ranar da ta fi kowace tsada, kan mutumin da ya fi mu duka gaskiya a cikin maganar. Yaron ya maimaita darasin, ni na gama karatuna ba abin da ya same ni, Farfesa ya ci gaba da aikinsa.

Can Fensilbaniya kuwa, Paterno ya rasu ranar 22 ga Janairu 2012 da ciwon dajin huhu, yana da shekara 85. Kafin a kore shi ya faɗa a wata sanarwa cewa da ya san abin da ya sani yanzu, da ya so a ce ya yi fiye da abin da ya yi. A watan Yuni kotu ta sami Sandusky da laifi 45, daga baya aka ɗaure shi shekara 30 zuwa 60. A watan Yuli binciken da Louis Freeh, tsohon shugaban hukumar FBI, ya jagoranta ya ce Paterno da manyan jami'ai uku sun ɓoye al'amarin don gudun ɓacin suna, maganar da iyalin Paterno suka musanta. Ranar 22 ga watan aka cire mutum-mutuminsa daga bakin filin wasa. Kashegari hukumar wasannin jami'o'i ta ci tarar jami'ar dala miliyan 60, ta kuma soke nasarorinsa 111. A Janairun 2015 aka mayar masa da su, lissafi ya koma 409, magoya baya da yawa suka yi murna kamar an wanke shi. A 2017 kuma aka sami manyan jami'an nan uku da laifin jefa yara cikin haɗari. Abin da na lura da shi shi ne, an fi shekara biyu ana jayayya a kan lambar nasarori, a cire ko a mayar, kamar ita ce ma'aunin mutumin. Ko a wajen hukunci, da mudun da ya jawo ɓarnar aka yi awo.

Adalci ne in faɗi cewa ba duk ɗaliban jami'ar ne suka kifar da mota ba. Kwana biyu bayan wancan dare dubbansu sun taru da kyandirori saboda yaran da aka zalunta. Abokina ma yana cikin irin waɗannan. Bai yar da hoton kwalin ba, amma wata rana na dawo na tarar ya tura shi bayan kabad. Na tambaye shi, ya ce ba zai iya jefar da abin da kakansa ya saya masa ba, kuma ba zai iya kallonsa yana cin abinci ba. Ban yi masa wa'azi ba a wannan karon.

Yanzu na dawo gida, kuma nakan shiga gidan kallo kamar kowa. Duk ran da aka ci ƙungiyarmu na ji samari sun tashi da a kori koci, nakan ji bakina yana motsi zai bi su, sai in tuna mutumin nan da ya dubi kwanan wata ya dube ni. Ba na hana kowa son nasara, ni ma ina sonta, wasan da ba a son ci ba wasa ba ne. Abin da nake roƙon 'yan'uwana ɗalibai shi ne, in za mu nemi mutunci daga shugaba, ko koci ne ko wanin koci, to mu tambayi kanmu ko za mu tsaya masa ranar da mutuncin ya jawo mana asara. In ba za mu tsaya ba, kada mu yi mamaki in ya koyi ajiye takarda a durowa. Yawancinmu gobe za mu riƙe alli ko ofis, kuma kowane tebur da durowarsa.

Allah ya ba mu ikon ganin tudun da muke tsaye a kai, amin.